Ba kullum ake magani da tsohuwar zuma ba

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗora Windows 7 a kan sabuwar kwamfuta ya san inda ake cijewa. Ka sa filashi, ka kunna, shafin farko ya fito yana tambayar harshen da kake so. Ka motsa linzami, shiru. Ka danna kibod, ko gezau. Lafiyarsu ƙalau. Windows 7 ce ta fito a 2009 ba tare da direban USB 3.0 ba (direba ita ce 'yar manhajar da ke sa Windows ta gane na'ura), su kuwa injinan Intel tun daga samfurin Skylake na 2015 sun daina bin tsohuwar hanyar da ta sani. In ka yi dabara ka cusa mata direban, sai ta ce ba ta ga ma'ajiya ba, domin NVMe, sabon nau'in ma'ajiya, ita ma baƙuwa ce a wurinta.

Ba na ganin laifin masu wannan naci. Wani manhajar lissafin kuɗinsa ce ba ta tashi sai a tsohon tsari, wani injin aikinsa ne wanda kamfanin da ya ƙera shi ya daina yi masa direba tuntuni. Wani kuma, mu faɗi gaskiya, sabo ne kawai, ga Windows 11 da tilasta buɗe asusu da tallace-tallacen da ba wanda ya nema. Ƙorafinsu na kan hanya, maganin da suka zaɓa ne nake ja da shi.

A ce ma an yi nasara ta hau. Me aka samu? Sau da yawa babu direban hoto, rubutu ya yi ɓaro-ɓaro, Wi-Fi ya ƙi, batir na zuba kamar ruwa. Tun 2017 Microsoft ta toshe wa Windows 7 sabuntawa a kan sabbin injinan Kaby Lake na Intel da Ryzen na AMD, sannan ranar 14 ga Janairun 2020 ta janye tallafinta ga jama'a. Chrome ya tsaya mata a siga ta 109. Ka sayi sabon inji da kuɗinka, ka rage masa ƙarfi da hannunka, ka kuma bar ƙofa a buɗe. Masu cewa riga-kafin bairos ya wadatar su tuna muguwar manhajar WannaCry a Mayun 2017, wadda ta durƙusar da asibitoci a Ingila. Mafi yawan kwamfutocin da ta kama Windows 7 ce a kansu, ba a sa musu gyaran da ya fito tun watan Maris ba. Lokacin ma akwai gyaran, sakaci aka yi. Yanzu ko an gano rami, ba mai zuwa ya cike shi.

Abin da yawancin mutane ke bukata manhaja ɗaya ce ko biyu. To, a bar sabon tsari a kan injin, a buɗe wa tsohon ɗaki a cikinsa da VirtualBox ko Hyper-V, wato kwamfuta a cikin kwamfuta. Can zai ga irin kayan da ya saba da su, a yanke masa intanet, in ya rikice a dawo da kwafinsa cikin 'yan mintuna.

Inda wannan ba ta fisshe ka ba shi ne idan na'urarka sai da wani tsohon kati da ake sokawa a cikin kwamfuta. Nan kam tsohuwar kwamfutar za ka riƙe. Zare mata wayar intanet, kwafi ma'ajiyarta ka adana, ka nemi irinta ta biyu ka ajiye tun ana samu.