Jos tana da ƙafa da tudu, agogo ne ba ta da shi

Shekara tara ke nan ina zaune a arewacin Ingila, kuma cikin abubuwan da suka fi jan hankalina a nan har da wani tseren keke da ake yi da yamma a watannin zafi, wanda babu 'yan kallo a cikinsa, babu kiɗa, babu kyautar kuɗi. Mutum ashirin ko talatin ne ke taruwa a gefen titi, wani dattijo na riƙe da agogo da takarda, ana sallamarsu ɗaya bayan ɗaya da ratar minti guda. Tafiyar mil 10 ce, wato kimanin kilomita 16, kusan nisan da ke tsakanin tsakiyar Jos da Bukuru. Kowa shi kaɗai yake tuƙi, an haramta masa laɓewa a bayan wani, kuma wanda ya cinye tafiyar cikin lokaci mafi ƙanƙanta shi ne gwani. Al'adar ta samo asali tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da aka hana tseren taro a kan titunan ƙasar, sai masu keke suka koma fita da asuba cikin baƙaƙen kaya, ɗaya-ɗaya, don kada a gane tsere suke yi.

Faransawa suna kiran wannan tsere da tseren gaskiya, mu kuwa da sai mu ce ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. A tseren taro, wanda ya laɓe a bayan wasu yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, domin na gaba ne ke tsaga masa iska. A tseren agogo babu wannan rangwame, kuma iskar ce babbar abokiyar gaba. Idan gudu ya haura kilomita 40 a awa, mafi yawan ƙarfin da mutum ke zubawa a kan feda wajen ture iska yake tafiya, kuma jikinsa ne ke tare mafi yawanta, ba kekensa ba. Lissafin ma ba shi da sassauci, domin wanda yake son ninka gudunsa sau biyu yana buƙatar kusan ninki takwas na ƙarfin da yake kashewa a kan iska. Shi ya sa gwanaye ke ɓata watanni suna gyara zamansu a kan sirdi, suna sunkuyar da kai, suna matse kafaɗa, suna haɗe gwiwar hannu, har sai jiki ya saba fitar da cikakken ƙarfi a cikin wannan ƙunci.

Wanda ke shakka ya tuna abin da ya faru a gasar zagayen Faransa ta 1989. Greg LeMond na Amurka ya shiga ranar ƙarshe yana bayan Laurent Fignon da daƙiƙa 50, saura tseren agogo na kilomita 24.5 daga garin Versailles zuwa Faris. LeMond ya ɗaura sandunan jingina hannu a gaban kekensa, ya sa hular kwano mai tsini ta baya, Fignon kuwa ya fito babu hula. Bayan mako uku ana fafatawa, LeMond ya lashe gasar da daƙiƙa 8 kacal. Haka kuma a gasar Olamfik ta 2024, Remco Evenepoel na Beljiyam, wanda ba shi da girman jiki, ya doke Filippo Ganna na Italiya, dogon mutumin da ya tuƙa kilomita 56.792 cikin awa guda a 2022. Ganna ya fi shi ɗanyen ƙarfi, amma Evenepoel ya fi shi iya ƙanƙance kansa a gaban iska.

Duk da haka, a ganina abin da ya fi raba gwani da saura ba a shago ake sayensa ba. Sanin ma'aunin kai ne. Akwai wani mizanin wahala da mutum zai iya riƙewa na tsawon lokaci, wanda idan ya haura shi ko da kaɗan ne a mintunan farko, ƙafa za ta yi nauyi, numfashi ya sarƙe, kuma abin da zai yi asara a ƙarshe ya ninka abin da ya ci a farko. Gwani yakan fara kamar yana jin tsoro, ya ƙara matsawa a hawa da inda iska ke dukan fuska, ya ɗan sassauta a gangara, ya isa layin ƙarshe daidai lokacin da ƙarfinsa ya ƙare. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a wannan tsere miyar tana ƙarewa ne a kashi na ƙarshe na hanya. Manyan 'yan wasa suna da na'urar auna ƙarfi a jikin keke, amma dattawan da nake gani a nan sun koyi ma'auninsu ne ta hanyar maimaita hanya ɗaya shekara da shekaru, suna rubuta lokacinsu.

A nan ne tunanina ke komawa gida. Na taso ina ganin mutane suna shigowa kasuwar Farin Gada da sassafe, sun ɗaure buhun kabeji ko na dankali a bayan keken Phoenix mai giya ɗaya, sun hawo tudun da ni yau ba zan iya hawa da keke marar kaya ba tare da tsayawa ba. Jos tana kan tudun kimanin mita 1,200, tana da sanyin da ke ba mutum damar motsa jiki ba tare da zafi ya karya shi ba, kuma Filato ta daɗe da suna wajen masu gudun dogon zango, musamman daga yankin Pankshin. Gaskiya ne tudunmu bai kai na Asmara, babban birnin Eritiriya, ba, wadda ta haura mita 2,000, inda Biniam Girmay ya fito har ya lashe koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, a zagayen Faransa na 2024. Amma Eritiriya ba da tudu kaɗai ta kai nan ba, ta kai ne domin tseren keke ya zama abin da ake yi a kai a kai a titunanta. Ruwanda ma ta karɓi gasar duniya a Kigali a 2025, karo na farko a Afirka.

Za a ce da ni kayan suna da tsada, kuma haka ne, domin keken tseren agogo na manyan 'yan wasa ya fi motoci da yawa kuɗi, kuma mun ji yadda Ese Ukpeseraye, 'yar tseren keken Najeriya, ta ari keke daga tawagar Jamus a Olamfik ta 2024. Za a kuma ce titunanmu na da ramuka da manyan motoci, wannan ma ban musa ba, kuma ba zan so a tura yaro ya sunkuyar da kai a hanyar da tirela ke bi ba. Sai dai a cikin dukan tseren keke babu mai arhar shiryawa kamar wannan, tunda ba ya buƙatar rufe titi ko ayarin motoci. Hanya marar cunkoso da aka auna, agogon waya, littafi, da mutum biyu ko uku masu tsare mahaɗa sun wadatar, kuma yaro mai tsohon keke yana iya yin gasa da lokacinsa na makon jiya ko da bai kamo na kowa ba.

Da na je gida a watan Disamba, na gwada abin da ɗan ƙanwata da abokansa huɗu a wata hanya mai shiru ta wajen Rayfield, da sassafe cikin hunturu. A ranar farko ya fita kamar an harba kibiya, ya dawo yana jan ƙafa, ya ce da ni, "Kawu, keken ne ba shi da kyau." Na ce ya fara a hankali a karo na gaba, ya sauke kai, ya cire babbar rigar sanyin da iska ke cikawa. A Asabar ta uku, da keken nan dai, ya rage fiye da minti guda. Na bar masa littafin da muka rubuta lokutan, kuma har yanzu duk Asabar yana turo mini hoton shafin. Sunayen da ke ciki sun kai goma sha ɗaya, biyu daga ciki 'yan mata ne.