Yadda na yi wa surukina feshin tumatir

Tun ranar Asabar nake so in rubuta wannan, amma da na ɗauki waya sai fuskar Alhaji, mahaifin matata, ta faɗo mini, in ajiye. To tunda ƙanin matata ya riga ya kai labarin gidan suna biyu da majalisa uku, har da ƙarin gishirinsa, gara ku ji daga bakin mai abin.

Kun tuna Babbar Sallar 2024, da tumatir ya zama gwal. Da kaina na je kasuwar Yankaba, na dawo da abin da ko gindin leda bai rufe ba. Uwargida ta kalli ledar ta kalle ni, ta ce sai dai a ƙarasa da karas. Naman layya a miyar karas, jama'a. A ranar na ci alwashin ba za a sake yi mini haka ba. Dama tun 2016, da tsutsar nan ta cinye gonaki har aka riƙa ce mata Ebolar tumatir, na lura abin juyawa yake yi: watan biyu da watan uku ka bi hanyar Zariya ka ga kwanduna jibge a Kwanar Gafan ana roƙon mai saye, damina ta kawo kai a neme shi da fitila. Mai hankali sai ya saya lokacin araha ya adana. Ni kuma a lokacin ina lissafa kaina cikin masu hankali.

Sai na tsara dogaro da kai ta fuska uku: lambu, zaƙi, da ajiya.

Lambun dai buhunan siminti ne guda ashirin a bayan ɗaki, na cika su da ƙasa da yashi da kashin awaki, na shuka zogale da alayyahu da yakuwa da rama da attaruhu. Ya yi kyau na wata guda da rabi. Zan dawo kan abin da ya same shi, don wannan maganar ba ta mutu ba.

Zaƙi kuwa, na ce mun rabu da sukarin kasuwar Singa, mazarƙwaila zan riƙa yi da kaina. Wani abokin aikina ɗan Maƙarfi ya kawo mini damin rake, ya ce su can da inji ake matsewa, a tafasa ruwan a ƙaton kasko ana kwashe kumfa, in ya yi kauri a zuba a 'yan kwanuka ya daskare. Ni ba ni da inji, sai turmi. Muka fere, muka yanka, muka daka, muka matse a tsohon ɗankwali, yara suka shanye kusan rabi kafin ya kai tukunya. Na kunna gas na tafi sallar Magariba, na tsaya gaisawa. Tukunyar tana nan bayan gida har yau, da ludayin tsaye a tsakiyarta ƙiƙam, ko da guduma ba ya motsi. Tukunyar kayan ɗakin uwargida ce. A bar wannan.

Sai ajiya. A watan biyu na sayo kwando biyu. Gwaggo tana gidan a lokacin, ta ce in yayyanka in shanya a tabarma tunda iskar hunturu ba ta gama tafiya ba, 'yan kwanaki kaɗan ya zama kauɗa, in zuba a buhu in manta da shi. Na ce haba Gwaggo, kauɗa tana baƙanta miya, ga ƙura, ai an wuce wannan zamanin. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a. Kun san irin "to" ɗin Gwaggo.

Ni bidiyon wata Baturiya na kalla, tana jera kwalabe jajawur gwanin sha'awa. Daga baya ne na gano cewa a ƙarshen bidiyon tana matsa lemon tsami a ciki, kuma bayan ta rufe kwalaben tana sake dafa su cikin ruwa sama da rabin awa. Ni data ta ƙare mini a tsakiya. Na kai inji aka markaɗo, kuma don in fi ta dabara na haɗa har da albasa da tattasai da attaruhu, wai miya ta zama sai dai a soya kawai. Kwalabe shida kaɗai na samu, sauran sai na ɗura a gorunan lemo, na jira ya huce don kar robar ta narke, na ɗiga mai a sama, na murɗe murfi iya ƙarfina. Gora talatin da huɗu. Na rubuta kwanan wata a jikin kowace, na jera su a sito, ƙarƙashin rufin kwano. Har hoto na ɗauka na sa a Facebook na rubuta "taskar shekara". Wasunku sun yi mini sambarka, ina sane da ku. A majalisa aka koma kira na Ɗangote, wai kamfanin tumatirinsa na Kadawa ya buɗe reshe na biyu a layinmu.

Azumi ya zo ya wuce, zafin watan huɗu ya sauka. Uwargida ta ce da daddare tana jin wani tsss daga sito. Ta ce gorunan sun daina tsayuwa, gindinsu ya kumburo suna gangarawa. Na je na taɓa ɗaya na ji ta kamar dutse. Na ce mata ai wannan alama ce iska ba ta shiga.

To, Asabar.

Alhaji, a shekara goma sha ɗaya da aurenmu, bai taɓa zama a falona ya wuce minti goma ba. Ranar zai je ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya, shi ne ma wakilin ango, sai ya ce a biyo da shi ya ga jikoki. Farar shadda sabuwa dal, babbar riga ta sha aiki ta sha bugu, in ya motsa sai ta yi ƙara. Hula, tabarau, agogo, turare tun daga ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi, yara suka zo aka shafa musu kai, aka kawo ruwa. Da a nan aka tsaya da yanzu ina da mutunci.

Sai ya ce, "Malam, yaya ake fama da cefane? Abin sai addu'a."

Tambayar da amsarta "Alhamdu lillahi, Baba" ce kawai. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Ai Baba mu nan mun huta da sayen kayan miya har baɗi." Uwargida tana bakin ƙofar kicin, na ga ta zaro ido tana girgiza mini kai a hankali. Na ɗauka kunya ce irin ta 'ya a gaban mahaifinta. Na ce masa har gora biyar za a sa masa a mota, na tashi na shiga sito, na zaɓo wadda ta fi kowace girma da sheƙi, da niyyar in buɗe ya ji ƙamshi, sannan in sa a saka masa biyar a mota.

Na dawo na tsuguna a gabansa, tsakaninmu bai fi taku ɗaya ba. Murfin ya ƙi. Na matse gorar tsakanin gwiwoyina, na naɗe murfin da bakin rigata, na karkata ta wajensa don ya ga launin da kyau. Ku riƙe wannan, ni da hannuna na saita ta. Na murɗa kaɗan, ta ce tsss. Ƙanin matata da ke tsaye ya ja da baya taku biyu, bai ce mini komai ba, wannan ma ina riƙe da shi. Alhaji kuwa sai ya ɗan sunkuyo don ya gani. Na ƙara murɗawa.

Ban ga fitar murfin ba, ƙararsa kawai na ji a silin. Abin da na gani shi ne wani jan abu mai kauri ya miƙe daga hannuna ya sauka a ƙirjin Alhaji, daidai tsakiyar aikin rigar. Da na bar ta haka, da watakila ƙirjin kaɗai za ta samu. Amma sai dabara ta zo mini, na danna babban yatsa a bakin gorar in toshe. Duk wanda ya taɓa ban ruwa da tiyo ya san abin da yatsa ke yi. Abin ya baje kamar mafici, ya share shi tun daga hula har takalmi, ya dawo ya sake bi. Ranar kuma, cikin ikon Allah, akwai wuta, fanka tana gudu, ta karɓi nata ta rarraba wa labule da agogon bango da hoton aurenmu. Na juyar da gorar don in ceci Alhaji, na juyo ta fuskata. A nan na tuna da attaruhun da na ƙara don in fi Baturiya dabara. Na miƙe ido a rufe, gora a hannu tana ta aiki, na zaga falon sau biyu ina neman ƙofa, yara suna ihu, ƙaramar tana tafi.

Sai ta yi shiru. Ta ɗan yi gyatsa sau biyu, ta tsaya.

Warin kuma, ban san yadda zan kwatanta ba. Ku haɗa ƙullun koko da ya kwana huɗu da ruɓaɓɓiyar albasa, ku rufe su a mota da rana.

Da na samu na buɗe ido ɗaya, Alhaji yana nan yadda yake, ko motsi bai yi ba, hannuwansa a kan gwiwa. A hankali ya ɗaga hannu ya cire tabarau. Wurin idanun nan biyu ne kawai suka rage da kalarsu a fuskar, zagaye biyu tas. Wani ɗan tumatir yana gangarowa ta gemunsa, duk muka zuba masa ido har ya ɗiga a kan agogo. Ba wanda ya yi magana. Ni ne ya kamata in yi, kuma na yi. Na sake durƙusawa, ina ɗigar da miya, na ce, "Baba, an zo lafiya?"

Wallahi abin da ya fito ke nan. Mutumin da na gaisar minti goma da suka wuce.

Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Lafiya lau, Malam. Wannan na ci ne, ko na tsaron gida?"

Ƙanin matata ya fita da gudu. Ta taga na hango shi ya kifa kai a bayan mota, motar tana girgiza.

Daidai nan sai ga sallama. Maƙwabcina, kun san shi, malamin gona mai ritaya. Wai ya ji ƙara ne ya zo ya ga ko lafiya. Mutumin da aka yi gobarar janareta a layin nan bai leƙo ba. Ya shigo har tsakiyar falo, ya shinshina, ya ɗauki gorar ya duba gindinta, sannan ya juya ya fara yi wa Alhaji darasi, Alhaji yana zaune cikin miya. Wai ƙwayoyin halitta ne suka samu zafi suka ci zaƙin tumatirin suka saki iska. Wai albasa da tattasai suna rage masa tsami, shi kuwa tsamin nan shi ne yake kare shi. Wai robar lemo an yi ta ne don ta riƙe iska, shi ya sa ba ta fashe ba sai da aka buɗe. Wai mu gode wa Allah a jiki ta tsaya, don irin wannan in aka ci har kisa yana yi. Abin haushin, duk gaskiya ya faɗa. Sannan ya rufe da cewa, "Ai tun watan biyu na gaya masa."

Bai gaya mini ba. Abin da ya gaya mini a watan biyu shi ne in ara masa mazurari.

Kuma wannan mutumin, akuyarsa ce ta cinye mini lambu. Jar nan mai karyayyen ƙaho. Ta inda katanga ta zube ta hauro ranar Juma'a muna masallaci, ta bi buhu ashirin ɗaya bayan ɗaya kamar mai karɓar haraji. Alayyahu har saiwa, yakuwa ko kara, zogale ta bar mini sanda tsirara. Da na je masa da magana, ko tashi bai yi daga tabarma ba, ya ce ai taimakona ta yi, zogale yana son a datse masa kai, zai fi yin rassa. Na dawo ina huci. Bayan sati biyu zogalen ya yi rassa, ya yi ganye fiye da da. Na kwana uku ina bin wata hanyar zuwa masallaci don kar mu haɗu ya tambaye ni. Sannan akuyar ta dawo ta cinye rassan. Da na sake komawa, cewa ya yi dabba ce, ba a shari'a da dabba, in gyara katangata. Katangar da tsanina zan hau in gyara, tsanin da ya ara tun 2022 zai ɗaura eriya. Kullum in na wuce ina hango shi jingine a zaurensa, har ya ɗaura masa igiyar shanya.

Alhaji dai sai wanka ya yi a banɗakinmu, ya sa kaftanina na Sallah. Kun san tsawon Alhaji, kun san nawa. Wandon ya tsaya masa a ƙwauri. Haka ya je ya karɓi auren ɗan mutane, kuma ƙanin matata ya ce liman sau biyu yana waiwayawa yana neman inda ake soya albasa. Wannan ban sani ba ko cikin ƙarin gishirin ne. Da zai shiga mota na bi shi ina ba da haƙuri, ya ce ba komai, Allah ya yi albarka, sai dai biyar ɗin da na ce za a sa a mota a bar su tukuna.

Rigar tana wurin mai wanki da guga. Ya ɗaga ta ya duba, ya ce zai gwada, amma in fara tunanin rini.

Gora talatin da uku da kwalba shida muka bari a sito ranar, ba mai shiga. Jiya da tsakar dare ɗaya ta tashi da kanta, muka ji kamar an buga ƙofa. Buhun shinkafarmu yana ciki, tun Lahadi taliya muke ci. Gwaggo ta aiko yaro da kauɗa cike da leda, ba saƙo ba komai, da ita aka yi miyar yau. Shi kuma maƙwabcin nawa ya aiko wai in na zubar kar in yar da gorunan, yana so zai huda su ya yi ban ruwa da su. Na ce a ce masa ya zo ya kwashe da kansa, ya taho da tsanin. Har yanzu dai bai zo ba.