Ba annoba ce ta haifi wannan ginin ba, don Allah a daina yaɗawa

Kun dai ga bidiyon nan da ake ta turawa tun shekaranjiya, wanda wani ya sa hoton cocin Gloucester yana cewa wai Turawan Ingila sun koma gini da miƙaƙƙun layuka ne saboda annoba ta kashe musu gwanayen magina, sai ragowar 'yan koyo suka yi iya abin da hannunsu ya iya. Har ɗaliban zanen gine-gine na gani a ƙasa suna cewa sun ƙaru. Wallahi abin ya ɓata min rai, don magana ce da lissafin shekaru kaɗai ya isa ya rusa ta.

Annobar nan, wadda ake kira Black Death, a 1348 ta shiga Ingila. Gyaran ɓangaren kudu na cocin Gloucester da wannan salon kuwa a 1331 aka fara shi, aka shiga zauren da sufaye ke waƙoƙin ibada a 1337. A Landan ma William Ramsey ya fara zauren taron limamai na tsohon cocin St Paul a 1332 da irin waɗannan layukan. To ta yaya abin da ya zo a 1348 zai haifi abin da aka fara shekara 17 kafin zuwansa? Shi kansa Ramsey ɗin maginin sarki ne, kuma a 1349 ya mutu, annobar na tsaka da cin mutane. Salon ya riga ya tsaya da ƙafarsa kafin nan.

Kuma ku dubi aikin da idonku mana. A 1327 aka binne Sarki Edward na biyu a Gloucester, masu ziyarar kabari suka riƙa zuwa, kuɗi ya shigo hannun sufayen. Ginin da suke da shi tsoho ne tun 1089, katanga mai kauri, ciki duhu, amma ba su rushe ba, sai magina suka shimfiɗa masa wata irin raga ta sassaƙaƙƙen dutse a kan tsohuwar katangar, layuka sirara suna tashi daga ƙasa har rufi babu karkata, ta yadda idan ka tsaya a ciki ba ka gane inda katanga ta ƙare taga ta fara. Katangar gabas ma cire ta suka yi gaba ɗaya suka sa gilashi, tsayinsa kusan mita 22, sannan suka ɗan buɗa katangun gefe a ƙarshe don tagar ta fi zauren kansa faɗi. Mutum ya zauna ya yi wannan lissafin, nauyin rufin dutse na samansa, sannan a ce masa ɗan koyo? Haba.

Na san abin da za a ce min, an ma riga an rubuto min: ai bayan annoba leburori sun yi tsada, miƙaƙƙen dutse ya fi sauƙin yanka. Eh lada ya tashi, har doka aka yi a 1351 don a danne shi, babu mai musun wannan. Amma in neman sauƙi ake, me ya kawo rufin nan mai kama da maficin kaba da aka buɗe? A barandar sufaye ta Gloucester ɗin dai aka fara shi bayan 1351, wato bayan annobar, kuma shi ne aikin dutse mafi wahala a cocin, kowane dutse sai an sassaƙa shi ya lanƙwasa daidai da na kusa da shi, har da jijiyoyin adon a jikinsa, in an kuskure ɗaya ba zai zauna ba. Masu neman arha ba sa fara irin wannan.

Zaɓi ne, shi ne kawai maganata. Faransa ta bi tagogi masu lanƙwasa kamar harshen wuta, Ingila ta ce ita miƙewa take so da haske mai yawa, ta kuma riƙe abinta kusan shekara 200. Henry Yevele ya sake tsakiyar cocin Canterbury a ƙarshen ƙarni na 14 da shi. William Wynford ya yi na Winchester daga 1394 da kuɗin Bishop Wykeham, attajiri na gaske. Henry na shida ya aza harsashin cocin King's College a Cambridge a 1446, John Wastell ya yi masa rufin tsakanin 1512 da 1515. Henry na bakwai ya fara nasa a Westminster a 1503, rufin har da duwatsu masu reto daga sama. Sarakuna ne fa masu baitulmali a hannu, duk su ma rashin gwani ne ya dame su?

Abin da ya fi ci min rai shi ne mutanen nan da sunayensu, ba ɓoyayyu ba ne, amma a minti ɗaya na bidiyo an mayar da su taron 'yan koyo. Har takardar kwangilar wasunsu an san abin da ke ciki. John Thornton, mai aikin gilashin taga mutumin Coventry, shi aka ba babbar tagar gabas ta cocin York a 1405, aka yanka masa sule 4 duk mako, fam 5 duk shekara, da ƙarin fam 10 in ya gama cikin shekara uku. Ya gama a 1408, ya kuma sa alamar sunansa da shekarar a can ƙololuwar gilashin. Ni wannan sharaɗin na fam 10 ma nake so masu ba da kwangila su duba, a rubuta wa ma'aikaci ladansa da wa'adinsa tun ranar farko, ba sai aiki ya yi nisa a fara ja-in-ja ba.