Kwana sittin da aka ɗaga min a Manchesta, da kwana biyun da Hamma ya yi a rufe

Wannan maganar ta fi shekara tana cina a rai, in ɗauko waya in fara rubutawa sai in goge, saboda mu da muke waje ba a son jin kalmar bashi a bakinmu. To yau kam zan faɗa. Bashi ya kama ni a Manchesta, fam 6,300, kuma yadda aka bi da ni a kansa da yadda aka bi da yayana Hamma a Gombe a wata guda ɗin nan, shi ne ya hana ni yin shiru.

Na zo Satumba 2022 karatun digiri na biyu, fili na sayar a Tumfure na biya kason farko na kuɗin makaranta, sauran na bar shi a naira da niyyar in riƙa biya kaɗan kaɗan. Sai aka saki naira a Yuni 2023, kafin farkon 2024 fam ɗaya ya doshi naira dubu biyu, kuɗin da na lissafa zai ishe ni ko rabi bai kai ba. Ɗalibi kuma awa 20 kawai aka yarje masa ya yi aiki a sati lokacin karatu. Nan na karɓi katin bashi na farko, sai na biyu, sai akawun ɗina ya shiga ja, wato na ci fiye da abin da ke ciki banki na bina. Ina gama karatu harajin kansul, wato na ƙaramar hukuma da mazaunin gida ke biya, ya hau kaina don ɗalibi ne kawai aka ɗauke wa, ga hunturu, gidan da nake haya tsohon gini ne na jan bulo irin masu manne da juna ɗin nan, in ba ka kunna hita ba bango har gumi yake yi ya yi baƙi, bil ɗin gas ya taru.

A nan fa babu mai zuwa ƙofar gidanka ya yi sallama da ƙarfi don maƙwabta su ji. Wasiƙa ce. Kowace ƙofa akwai 'yar taga ta ƙarfe a tsakiyarta, da hantsi sai ka ji ƙwas, ambulan ya faɗo a kan kafet. Na farko da lafazi mai taushi, na biyu an fara ja maka layi, na uku da jan rubutu. Na kai matsayin da ƙarar 'yar tagar nan kaɗai sai gabana ya faɗi, na daina buɗewa, ina tarawa a leda ƙarƙashin gado. Ina aikin kula da tsofaffi shif ɗin dare, in dawo ƙarfe takwas na safe in kwanta barci ya ƙi zuwa.

Wata dattijuwa 'yar Gana da muke aiki tare ita ta lura na rame, ta matsa min har na faɗa mata. Ta ce akwai ƙungiyoyin da aikinsu kenan kuma ko kwabo ba sa karɓa, ta lissafo min StepChange da Citizens Advice da National Debtline, ta ce in kira ɗaya kafin in sake kwana. Na kira ɗaya daga ciki.

Awa ɗaya da rabi muka yi da matar da ta ɗauka. Wallahi na shirya jin faɗa, na shirya a ce min me ya kai ka, ba ka san ƙarfinka ba ne. Ko sau ɗaya ba ta tambayi dalili ba. Nawa ke shigo maka a wata, shi ne tambayarta ta farko. Sai ta fara cirewa, haya, gas, wuta, ruwa, kuɗin bas zuwa aiki, abinci, katin waya, sabulu, har aski ta tambaye ni nawa nake kashewa. Da na faɗi kuɗin abinci ta ce ya yi kaɗan, mutum mai aikin dare ba zai rayu a haka ba, ta ƙara. Bayan an cire komai abin da ya rage shi ne na masu bina, a ƙarshe ya tsaya a fam 140 a wata. Sau biyu na sa ta maimaita don ban yarda da kunnena ba, wato sai na ci na ƙoshi na biya haya tukuna sannan mai bashi ya karɓi ragowa.

Ta kuma raba min bashin gida biyu. Akwai wanda in ka ƙi biya za ka rasa muhalli ko a kai ka gaban alƙali da wuri, haya, harajin kansul, gas da wuta, su ake fara kashewa. Katin bashi da jan akawun suna baya, duk da su suka fi kowa yawan wasiƙa da kira. Ni da a tunanina wanda ya fi damuna shi zan fara ba.

Sai ta saka ni a wani tsari na gwamnati da suke kira Breathing Space, wanda ya fara aiki a Ingila da Wales a Mayu 2021. Kwana 60 cur doka ta hana masu bina su kira ni ko su aiko wasiƙar neman kuɗi, an tsayar da kuɗin ruwa da tara, ba mai turo ma'aikatan ƙwace kaya. Ba yafewa ba ne, kuma bil ɗin wata-wata dole ka ci gaba da biya, lokaci ne kawai aka ba ka ka dawo hayyacinka ka tsara. 'Yar tagar nan ta yi shiru. Ranar na yi barci tun safe har la'asar. Bayan nan aka ɗora ni a tsarin biya, kuɗi ɗaya nake turawa duk wata su kuma su rarraba wa kowa daidai girman abin da yake bina, wata 45 zan yi. Su masu katin ba dole ba ne a kansu su daina ɗora ruwa, amma da suka ga lissafina a rubuce sun daina. Ko ma'aikatan ƙwace kayan ma da ake tsorata mutane da su, sai kotu ta ba da izini, sai an aiko maka takarda tukuna, ba sa zuwa tsakanin tara na dare da shida na safe, kuma ba za su ɗauki gadonka ko firij ko abin girki ba.

Ina cikin kwana sittin ɗin nan Adda ta kira ni tana kuka, wai an tafi da Hamma. Wake ya karɓa buhu arba'in a Tudun Hatsi hannun wani da suka fi shekara goma suna harka, ya tura kudu, wanda ya karɓa can ya biya rabi ya kashe waya. Hamma bai gudu ba, bai musa ba, ya je da ƙafarsa ya ce a ba shi zuwa bayan kaka. Amsar da ya samu ita ce mota a ƙofar rumfarsa ranar Juma'a da yamma, gaban yaransa na kasuwa, kuma kun san me ake nufi da kamun Juma'a. Kwana biyu ya yi a rufe. Dattijo mai 'ya'ya bakwai, wanda ake ba ajiya. Ba wanda ya zauna da shi ya ce nawa kake samu, nawa iyalinka ke ci. Abin da aka ce kawai a kawo kuɗi ko a kawo takardar gida.

Abin da ya fi ƙona min rai, dokarmu ma ta hana wannan. Dokar 'yan sanda ta 2020 ƙarara ta ce ba a kama mutum kan rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya, wannan aikin kotu ne. Amma wa ya sani, wanda ya sani ma wa zai tsaya masa ranar Juma'a da magariba? Sai a juya maganar a kira ta cin amana ko zamba, shi kenan.

Kuma mu ne fa muke karanta aya ta 280 a Baƙara, cewa in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa lokacin sauƙi. Mu ne muke da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282, kacokan a kan a rubuta bashi a sa wa'adi a kafa shaidu. Cikin mutum takwas da ake ba zakka akwai wanda bashi ya yi wa katutu. Duk tafsirin azumi sai an wuce ta kansu, daga Pantami har Jekadafari. Amma jinkirin nan da idona sai a ƙasar da ba su san Baƙara ba na ga an mai da shi doka mai adadin kwanaki. Hamma da mai wakensa ko a bayan kwalin sigari ba su rubuta komai ba, wai ai an saba, rubutu kamar rashin yarda ne. Da rana ta ɓaci sabon bai hana komai ba.

Ga kuma masu ba da bashi ta waya da suka shigo mana, dubu ashirin za ka karɓa, ka makara kwana uku a tura wa surukinka da limamin unguwarku saƙo cewa kai ɓarawo ne. Sai da hukumar kare masu sayayya ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, Google ma a 2023 ta hana irin waɗannan manhajojin shiga lambobin wayar mutane. Amma ni a ganina sun yi kasuwa ne saboda sun gane mu, sun san a wurinmu tonon asiri ya fi bulala zafi. Muna cewa bashi hanji ne yana cikin kowa, amma da an ji na wani sai a yi kamar shi kaɗai ne mai hanji.

Na san za a ce na sha ruwan Turawa. Ban ce nan aljanna ba ce. Katin da ya jefa ni a rami na ruwa ne, riba ce tsagwaronta, ina neman gafarar Allah a kai, kuma su suke bin ka da tallan sa. Sunana ya ɓaci a kundin masu ba da bashi har shekara shida, ko haya zan canza sai an duba an gani. A gida mai shagon layinmu ya rubuta mana a littafi tun ina firamare bai taɓa ƙara sisi ba, kuma na ga mai unguwa da liman sun kashe rigimar da a nan sai lauya. Duk na yarda. Amma wannan alherin sa'a ce, in ka faɗa hannun mai tsoron Allah ka tsira, in ka faɗa hannun irin na Hamma ba ka da inda za ka kama. Ni kuwa baƙo, baƙar fata, ba dangin iya ba na baba, haƙƙina ne aka ba ni ba alfarma ba.

Wuri ɗaya ne ni da matar nan muka kasa fahimtar juna. Tana duba takardar banki ta ga fam 200 na fita duk wata zuwa Najeriya, ta ce wannan fa? Na ce na mahaifiyata ne. Ta ce wato kyauta. Na ce a'a ba kyauta ba ne, abincin gidanmu ne, da maganin hawan jininta, da kuɗin makarantar 'ya'yan ƙanwata da mijinta ya rasu. Cikin ladabi ta ce ta gane, amma masu bina za su iya cewa da kuɗinsu nake kyauta. Kalmar nan har yau tana min ciwo. Ciyar da Dada kyauta? Da ba a rage ba fam 60 ne kawai zai saura wa masu bashi, haka na mai da shi 120, ranar na yi kuka kamar yaro a kicin.

Kuma in za a faɗi gaskiya, rabin bashin nan daga nan ya taso. Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 wayata ba ta huta ba, wannan haihuwa, wannan asibiti, wannan kuɗin haya, wannan jari, kowa da gaskiyarsa don na san yadda gari ya yi zafi. Ni kuma ban taɓa iya cewa babu ba, don in ka ce babu daga Ingila ba mai yarda, sai a ce ya samu duniya ya manta da mutane. Sai in zari kati in tura, a yi min addu'a, in kashe waya in zauna ina kallon ledar wasiƙu. Ana lissafa fam da naira a ga miliyoyi, ba a lissafa cewa ɗaki ɗaya a nan yana cinye kusan rabin albashi, ba a san hannun da ke turo kuɗin yanzu ya gama wanke wa tsoho kashi ba. Belin Hamma da kason farko na kuɗin wake ni na biya, da kwasar adashen da muke yi mu takwas 'yan arewa a nan, na roƙa aka ba ni kafin layina ya zo. Da ya fito ya kira yana godiya yana cewa Allah ya ƙara buɗi, sai na kasa riƙewa na ce Hamma ni ma fa bina ake yi, ya fi naka yawa. Ya yi shiru har na zaci layi ne ya yanke. Sai ya ce don Allah kar Dada ta ji.

Wani dare ina gadin wani tsoho da ke gargara, ba ɗa ba jika a kusa, sai tunani ya zo min cewa in ni ne na faɗi a garin nan, wa zai miƙe a gaban sahu kafin a ta da kabbara ya ce duk mai bin sa bashi ya zo ya same ni? A Herwagana ko ba ka da kowa sai an samu mai faɗin haka. A nan kamfani ne zai rufe fayil.

Na biya wata 14, saura 31. Tun da na zo ban taka Gombe ba, Baffa ya rasu ban samu jana'iza ba, ta bidiyo na ga an fito da shi. Shekaranjiya Dada ta ce babbar sallar bana kam za a gan ka ko? Na ce Dada sai dai baɗi in Allah ya yarda. Ba ta tambayi dalili ba, ta ce Allah ya kai mu, ta ce in riƙa cin abinci don muryata ta canza.