Manuel Valls: gurguzu a baki, ƙofa a rufe

A majalisun shayi na Garwa da Marwa a arewacin Kamaru, da zarar an taɓo siyasar Faransa sai ka ji matasa na cewa 'yan gurguzu ne namu, su ne masu tausayin baƙo. Duk mai wannan zato ya duba tarihin Manuel Valls tukuna.

A Barcelona ta ƙasar Sifaniya aka haife shi a 1962, sai a 1982 ya zama ɗan Faransa. Jam'iyyar gurguzu ce ta raine shi tun yana matashi, ta kai shi magajin garin Evry, ta kai shi ministan cikin gida a 2012, sannan firaminista a 2014. Mutumin da aka buɗe wa ƙofa haka, ai shi ya fi cancanta ya san zafin rufe ta.

Amma a 2013 shi ne ya fito ya ce yawancin 'yan ƙabilar Roma ba za su iya sajewa da Faransawa ba, gara su koma Romaniya da Bulgeriya. A watan Oktoban shekarar 'yan sanda suka sauke wata yarinya 'yar ƙabilar Roma mai shekara 15 daga motar makaranta, a gaban 'yan ajinsu, aka tasa ƙeyarta zuwa Kosovo tare da iyalinta. Ɗalibai suka cika titunan Paris, shi kuwa ministan ya tsaya a kan cewa doka aka bi.

Abin da ya fi min ciwo shi ne na bayan hare-haren ta'addanci da aka kai Paris a Nuwamban 2015. Gwamnatinsa ta nemi a gyara tsarin mulki domin a riƙa ƙwace takardar zama ɗan ƙasa daga masu ƙasa biyu da aka samu da laifin ta'addanci. Mu da Boko Haram ta ɗaiɗaita mana Kolofata da Fotokol ba mai koya mana ƙin ta'addanci. Sai dai kowa ya san su wa ke da ƙasa biyu a Faransa: 'ya'yan Aljeriya da Maroko da Mali da Chadi. Ana gaya musu ke nan cewa zamansu Faransawa aro ne. Ministar shari'a Christiane Taubira ta ƙi yarda, ta ajiye muƙaminta a Janairun 2016, kuma daga baya shugaba Hollande ya janye shirin.

Jam'iyyar ma ba ta tsira ba. A zaɓen fid da gwani na takarar shugaban ƙasa a 2017 Valls ya sa hannu cewa zai mara wa duk wanda ya ci baya. Benoît Hamon ya kayar da shi, sai Valls ya bi Emmanuel Macron, wanda ba ɗan takarar jam'iyyar ba ne. A zaɓen shugaban ƙasa Hamon ya tashi da ƙuri'a kashi 6 da ɗoriya cikin ɗari. Valls ya fice daga jam'iyyar, ya tafi Barcelona neman magajin gari a 2019, ya sha kaye. Sauya ra'ayi ba laifi ba ne, amma wannan alkawari ne a rubuce.

Masu kare shi kan kawo takardar umarnin da ya fitar a Nuwamban 2012, wadda ta ba wasu baƙi marasa takardu damar samun izinin zama bayan shekara 5. Gaskiya ne, kuma mutane da yawa sun amfana. To amma a Janairun 2025 ministan cikin gida Bruno Retailleau ya soke ta, ya tsaurara sharuɗɗa, ya kai wa'adin shekara 7. A lokacin Valls minista ne a wannan gwamnati ta François Bayrou, kuma ya ci gaba da zama a kujerarsa. Ɗan Kamaru mai wanke kwanuka a wani gidan abinci na Paris, wanda ya cika shekara 5 yana tara takardun albashi, shi aka ƙara wa shekara 2 na ɓuya daga 'yan sanda.