Ba kowane matashin koci ne Arteta ba

A gidajen kallon ƙwallo na ƙauyukan Ringim da Gumel, da zarar an tashi wasa an kashe janareta, gardamar kusan ɗaya ce. Ƙungiya ta sha ƙwallaye, kocin kuma yaro ne, to a kore shi ko a bar shi? Masu cewa a bar shi sunan Arteta suke fara kira.

Kuma suna da hujja. Arsenal ta ɗauki Mikel Arteta a Disamban 2019 yana ɗan shekara 37, bai taɓa zama babban koci ba. Ya ci Kofin FA a 2020, amma ya ƙare na 8 a Firimiya kaka biyu a jere, sannan ya buɗe kakar 2021/22 da shan kashi sau uku, har Manchester City ta lallasa shi 5-0. Lokacin nan ko 'yan Arsenal masu bakin tsiya sun yi tsit. Mahukunta suka ƙi sallamarsa. A kakar 2023/24, ƙwallo 29 kacal ta shiga ragar Arsenal a wasa 38, babu ƙungiyar da ta kai ta tsare gida.

Sai dai ba zaman jira ne ya gyara bayan ba. David Luiz da Mustafi sun tafi, Gabriel ya zo daga Lille, aka sayo Ben White, Saliba ya dawo daga aro. Kocin ya san inda ciwon yake, aka ba shi kuɗi ya yi magani.

Ga labarin da masu wa'azin haƙuri ba sa son ji. Frank Lampard ya karɓi Chelsea a 2019 yana da shekara 41. Kakarsa ta farko ya ƙare na 4, amma an zura masa 54. Aka kawo masa Thiago Silva da Chilwell da gola Mendy, duk da haka tafiyar ta ƙi, aka sallame shi a Janairun 2021. Thomas Tuchel ya zo ya yi aiki da waɗannan 'yan wasan dai, ya dawo da Rudiger da aka jingine a benci, ya jera mutum uku a baya. Watan Mayu sai ga Kofin Zakarun Turai a hannunsu. Da Abramovich, mai Chelsea a lokacin, ya yi haƙuri, da wuya a ga wannan kofi.

Don haka ni ban damu da shekarun koci ba, yadda ƙwallo ke shiga nake kallo. Idan ɗan baya ne ya yi sakaci ko gudu ya gagare shi, kasuwa za ta gyara. Idan kuwa kowane mako ta hanya ɗaya ake cin ku, yau bugun kusurwa gobe bugun kusurwa, ko a ƙwace ƙwallo a tsakiya a tarar babu kowa, wannan laifin filin atisaye ne. Manomi yana jiran gero ne don ya ga tsiro. In ruwa ya sauka bai fito ba, sake shuka yake yi.

'Yan Manchester United su ne suka fi shan wannan gardama. Ruben Amorim ya zo a Nuwamban 2024 yana ɗan shekara 39, ya kafe kan tsarinsa na mutum uku a baya ko da 'yan wasan da ya tarar ba su saba da shi ba. United ta ƙare kakar a ta 15, Tottenham kuma ta doke ta 1-0 a wasan ƙarshe na Kofin Europa a Bilbao.