Waye Ya Zuba Ruwa A Aljihun Dagilas?

Ofishin fayil na wani asibiti. Sale mai taifin ya toshe kunne da iyafis yana sauraron boyis not ɗin likitan mata, Baba Masinja na gefe yana ɓare goro.

Sale: Baba wallahi likitan nan da gayya yake yi, ya cika baki da gyaɗa ga janareta na ihu a bayansa sannan wai in buga duk abin da ya faɗa kafin azahar.

Baba: Me ya ce?

Sale: Wai matar "fara fo fulos wan."

Baba: Fara huɗu da ɗaya, biyar kenan. In dai mai yajin nan ce ta Maiduguri ai dole ciki ya murɗa. Rubuta ta ci fara.

Sale: Na rubuta. Wai kuma an ga cakulan a ƙwan mahaifarta na hagu.

Baba: Ka ji ko! Fara, cakulan. Matan yanzu da kwaɗayi.

Sale: Sannan akwai ruwa a aljihun Dagilas.

Baba: Wane Dagilas kuma a ɗakin mata? Mijinta ya sani?

Sista Ladi ta shigo ɗaukar fayil, ta leƙa kwamfuta, ta dafe ƙirji.

Sista: Sale! Wace fara? Haihuwa ake nufi, ta haihu sau huɗu ta yi ɓari ɗaya. Cakulan ɗin kuma ƙulli ne a ƙwan mahaifa, tsohon jini ke taruwa a ciki ya yi kauri ya yi duhu shi ya sa suke kiransa haka, ciwo ne mai sa mace ta yi ta birgima lokacin al'ada kai kana nan ka mayar da shi kayan kanti.

Baba: To Dagilas fa, 'yata? Shi nake so a fito min da shi.

Sista: Baba wani lungu ne a cikin ciki, tsakanin bayan mahaifa da ƙarshen hanji, ruwa ko jini kan taru a wurin. Sunan wani likita ɗan Sikotilan aka sa masa, ya mutu tun 1742.

Baba: Tun 1742 kuma har yau aljihunsa na jikin matan mutane? Ba a raba gadonsa ba ne?

Sista: Baba don Allah bari. Kai Sale mene ne wannan a layin ƙarshe? Histarektomi?

Sale: Haka na ji Sista. Ko histaroskofi ne, daidai nan wani ɗan adaidaita ya danna hon. Ai duk ɗaya ne tunda da hista suka fara.

Sista: Kano da Kamaru ma da ka suka fara, shiga motar ka gani. Histaroskofi 'yar siririyar kyamara ake zurawa a leƙa cikin mahaifa, sau da yawa ma a ranar mace ke komawa gida. Histarektomi kuwa cire mahaifar ake yi gaba ɗaya, an gama haihuwa kenan. Matar nan shekararta 29!

Sale: Innalillahi. To ni dama na zaɓi wanda na fi iya sifelin ɗinsa ne.

Sista: Ba a canki-canka a fayil ɗin mara lafiya. Abin da ba ka ji ba ka bar gurbi, ka sa alama, ka tambayi mai maganar.

Sai ga likita ya shigo yana sauri. Aka sa masa iyafis, ya saurara, ya maimaita, ya sake maimaitawa.

Likita: Waye wannan yake magana kamar daga cikin rijiya?

Sale: Kai ne, ranka ya daɗe.

Likita: To... ku kawo katin da na rubuta da hannu.

Ya juya katin sama, ya juya shi ƙasa, ya cire tabarau ya mayar.

Likita: Ku kai wa mai famasi, shi ke iya karanta rubutuna.

Baba: Ai yallaɓai mai famasin ne ya aiko ni da katin, ya ce a tambaye ka.